KALMOMIN TURANCI DA KE SHIGOWA GIDAJENMU KULLUM



A gida Hausa muke yi, a kasuwa Hausa, a majami'a ma Hausa. Amma rubutun da ke jikin kayan da muke saye da kuɗinmu, kusan duka da Turanci yake zuwa. Ku duba kwalin maganin zazzaɓi, da kwalbar maganin feshi, da buhun taki, da katin asibiti, da saƙon banki a waya. Mutum yana iya shekara bai furta kalmar Turanci ba, amma da wuya ya yi mako guda bai riƙe wani abu da ke yi masa gargaɗi da Turanci ba.

Da yawa daga cikinmu sukan ce, “Ni ban yi boko ba, kuma girma ya zo.” Amma ba dukan Turanci ake bukata ba. Kalmomin da ke jikin waɗannan kaya 'yan kaɗan ne, su ne kuma suke ta dawowa. Waɗanda za mu kawo a nan ba su da yawa, duk da haka suna iya tsare rai, su tsare gona, su tsare aljihu.

ABIN DA YA FARU A IRAƘI

A ƙarshen shekarar 1971 gwamnatin ƙasar Iraƙi ta shigo da irin alkama da sha'ir daga Meziko da Amurka domin manoma su shuka. An cuɗa irin da magani mai guba don kada ya ruɓe a ƙasa, aka rina shi ja-ja, aka kuma rubuta gargaɗi a jikin buhunan da Sifaniyanci da Turanci. Su kuwa manoman Larabci suke ji. Irin ya isa ƙauyuka da yawa bayan lokacin shuka ya wuce, sai mutane suka wanke shi, suka niƙa, suka yi gurasa. Launin ya fita, gubar ba ta fita ba. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 daga cikinsu suka mutu.

Gargaɗin yana nan a jikin buhu, mai karanta shi ne babu. Irin masarar da muke saye a Funtua ko Malumfashi shi ma sau da yawa a cuɗe yake da magani, da launi a jikinsa. In kun ga an rubuta “treated seed”, ma'anarsa iri ne da aka sa wa magani. In kun ga “not for consumption”, ana nufin ba na ci ba ne. Ba a yin tuwo da shi, ba a ba kaji ko awaki, ko da an wanke shi sau goma.

MUN RIGA MUN YI RABIN TAFIYA

Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin rubutun boko, shi ya sa iyayenmu da yawa da ba su taɓa zama a ajin firamare ba suka iya karatu. Duk wanda ke karanta Hausar boko ya san kusan dukan haruffan Turanci. Sababbin da zai tarar su ne p, q, v da x.

Ban da haka, bakinmu cike yake da kalmomin da asalinsu Turanci ne, Hausa ta gyara su daidai harshenta. Inda Bature ya sa p, mu f muke sawa: “petrol” ya zama fetur, “pump” ya zama famfo, “pencil” ya zama fensir. Inda ya haɗa baƙaƙe biyu wuri ɗaya, mu sai mu sa wasali a tsakaninsu: “bread” ya zama burodi, “driver” ya zama direba. Takin zamani ma haka ne: kamfa daga “compound” ta fito, sufa daga “super”, yuriya daga “urea”. Sunayen watanni daga Janairu zuwa Disamba duk da Turanci aka aro su, saboda haka Jan, Feb, Aug, Oct da Dec ba za su ba mu wahala ba.

Abu ɗaya ne ke rikita mai karatun Hausa. Hausa yadda aka rubuta ta haka ake faɗinta, Turanci kuwa ba haka ba ne. Kalmar “sale” ba sunan Sale ba ce, “sel” ake cewa, ma'anarta sayarwa. Kalmar “take” ba “nan take” ba ce, “tek” ake cewa, a jikin magani tana nufin a sha. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Ba gasar furuci za mu shiga ba. Abin nema shi ne ido ya gane kalmar in ya gan ta, kamar yadda yake gane fuskar maƙwabci, a kuma san abin da take nufi.

Ku fara da waɗannan ƙananan kalmomi, domin su ne ke juya ma'ana: “no”, “not” da “do not” duk hani ne ko korewa. Kalmar “only” tana nufin kaɗai. “Before” da “pre” suna nufin kafin, “after” da “post” suna nufin bayan. “Per” na nufin ga kowane. Wanda ya tsallake “not” a cikin jimla ya karanta kishiyar abin da aka rubuta.

1. A JIKIN MAGANI DA KATIN ASIBITI

Abu na farko da za a nema a kwali shi ne EXP, wato lokacin da maganin zai daina aiki. Kusa da shi akwai MFG ko MFD, wato lokacin da aka yi shi. Mutane kan rikita su biyun. In an rubuta MFG 03/2025, EXP 02/2028, an yi maganin a watan Maris na 2025, yana da kyau har ƙarshen Fabrairu na 2028. A jikin kayan abinci irin su madarar gwangwani, “best before” ake rubutawa. Ku nemi kuma lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Masu jabu suna iya buga lambar ƙarya, amma maganin da ba shi da lamba sam, a bar wa mai shi kayansa.

Ga sauran:

Once daily: sau ɗaya a rana.
Twice daily: sau biyu a rana, safe da dare. Likita kan taƙaita shi ya rubuta bd.
Three times daily: sau uku a rana, da tazarar kamar awa takwas. Likita kan rubuta tds.
Before meals, after meals: kafin cin abinci, bayan cin abinci.
Adults, children: manya, yara.
Shake well: a girgiza sosai kafin a zuba.
For external use only: na shafawa ne kaɗai, ba a sha.
For veterinary use only: na dabbobi ne kaɗai.
Keep out of reach of children: a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba.

A lura da bambancin mg da ml. Na farko nauyin maganin ne, wato ƙarfinsa, na biyu yawan ruwa ne. Ƙwayar farasitamol ta manya 500 mg ce. In aka ce a ba yaro 5 ml na maganin ruwa, a auna da murfin awo da ya zo tare da kwalbar, domin cokulan gidajenmu girmansu ba ɗaya ba ne.

Kalmomi biyu da ke jikin sakamakon gwaji suna bukatar kulawa. “Positive” na nufin an sami abin da ake nema, “negative” na nufin ba a samu ba. Saboda haka positive a gwajin maleriya yana nufin akwai cutar, a fara magani. Negative yana nufin zazzaɓin daga wani wuri yake, sai ma'aikacin lafiya ya ƙara bincike. Amma “O positive” a takardar rukunin jini ba cuta ba ce ko kaɗan, irin jinin mutum ne kawai. Rukunin jini, wato “blood group”, dabam yake da “genotype” da ake nema kafin aure. Genotype shi ne AA, AS ko SS. In saurayi da budurwa duka AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai amosanin jini.

A katin awo da na rigakafin yara, ku nemi inda aka rubuta “next visit” ko “next appointment”. Ranar dawowa ke nan. “Referral” kuwa takardar tura mara lafiya ce zuwa babban asibiti.

2. A JIKIN KAYAN GONA

Ƙasarmu ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya, yanzu kuma da wuya a sami manomin da ba ya feshi. Duk kalmar da ta ƙare da “cide” a jikin kwalba tana nufin mai kashewa. “Herbicide” mai kashe ciyawa ne, “insecticide” mai kashe ƙwari, “fungicide” na cututtukan da ke ruɓar da ganye da saiwa.

A cikin maganin ciyawa, kalmomi huɗu ne ke raba riba da asara:

Selective: mai zaɓe, yana kashe wasu tsire-tsire ya bar wasu. A duba sunan amfanin da aka yi shi dominsa: maize masara, sorghum dawa, rice shinkafa, cotton auduga, cowpea wake, soybean waken suya.
Non-selective: ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai ƙone.
Pre-emergence: a fesa bayan shuka, kafin tsiro ya fito.
Post-emergence: a fesa bayan tsiro ya fito.

Haruffa uku na “non” su ne tsakanin gona mai kyau da gonar da ta ƙone. Haka kuma maganin da ya dace da masara yana iya kashe waken da aka shuka a tsakaninta. Maganin 2,4-D yana kashe ciyawa mai faɗin ganye a gonar shinkafa ko masara, amma ɗan ragowarsa a cikin famfon feshi ya isa ya murɗe ganyen auduga.

Ku koyi neman “active ingredient”, wato ainihin sinadarin da ke aikin. Kamfanoni suna sa wa kayansu sunaye iri-iri masu daɗi, alhali abin da ke ciki ɗaya ne. Glyphosate, alal misali, ana sayar da shi da sunaye masu yawa. Wanda ya iya karanta wannan layi ba zai biya kuɗi mai yawa don suna kawai ba. In kuma wani ya sha guba bisa haɗari, sunan sinadarin ne likita zai tambaya, don haka a tafi asibiti da kwalbar.

Wajen haɗi, a duba “ml per litre”. A ce an rubuta 200 ml a cikin lita 20, famfonka kuwa mai lita 16 ne, to 160 ml za ka zuba. “Pre-harvest interval” shi ne yawan kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a girbe ko a ci, wannan kuwa ya fi shafar masu tumatir da kuɓewa da alayyafo. A ƙasan takardar da ke jikin kwalba akwai zanen launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. “Poison” guba, “toxic” mai guba, “danger” haɗari, “warning” da “caution” a yi hattara.

Rashin bin ƙa'idar magani ba mai gona kaɗai yake cuta ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin ƙwari mai suna dichlorvos da aka samu a cikinsa. Irin wannan waken ne kuma ke shiga tukwanenmu.

A buhun taki, lambobin da ke bayan NPK suna faɗin kashi nawa cikin ɗari na kowane sinadari ke ciki. Ta farko, N, ita ce mai sa ganye ya yi kore. A buhu mai kilo 50 na 15-15-15 akwai kilo 7 da rabi na N, a na 20-10-10 akwai kilo 10, a buhun yuriya mai lamba 46 kuwa akwai kilo 23. “Net weight” shi ne nauyin abin da ke ciki.

3. A WAYA DA WURIN MAI POS

Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, har mai sayar da akuya ya koyi karɓar kuɗi ta waya. Waɗannan kalmomi biyu-biyu suke tafiya:

Credit: kuɗi sun shigo. Debit: kuɗi sun fita.
Successful ko approved: ya tafi. Failed ko declined: bai tafi ba.
Pending: yana kan hanya, bai kammala ba. Reversal: an dawo da kuɗin.
Balance: abin da ya rage a asusu.

Kada a saki kaya a kan “pending”, kada kuma a saki kaya don an nuna muku rasit a wayar mai saye. Ku duba balance a taku wayar, ku ga ya ƙaru. In rasit ɗin POS ya nuna declined amma saƙon debit ya shigo, a riƙe rasit ɗin da kyau, shi ne shaidar da banki zai nema.

PIN lambar sirrin katinku ce. OTP lamba ce da banki ke aikowa don a yi aiki da ita sau ɗaya, kuma yawanci saƙon yana ɗauke da “do not share” ko “do not disclose”, wato kada a faɗa wa kowa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya kiran waya ya tambayi waɗannan lambobi. Saƙon da ya fara da “congratulations, you have won”, wato barka ka ci kyauta, alhali ba ku shiga wata gasa ba, tarko ne.

4. A TAKARDUN CIKEWA DA NA SA HANNU

Mu a al'adance sunan mutum ke fara zuwa, na mahaifi ya biyo. Fom kuwa sau da yawa da “surname” yake farawa, wato sunan mahaifi ko na iyali, sannan “first name”, sunan mutum na kansa. A ce sunanki Ladi, na mahaifinki Audu: Audu ne surname, Ladi ce first name. In aka juya su a wata takarda, ko aka rubuta “date of birth”, wato ranar haihuwa, dabam-dabam, to sunan da ke NIN ba zai dace da na BVN ba, gyaran kuwa sai an sha zirga-zirga da kashe kuɗin mota. Tun 2021 hukumar JAMB take bukatar NIN kafin yaro ya yi rajistar jarrabawa, saboda haka a daidaita sunayen yara tun suna ƙanana. “Male” namiji, “female” mace, “next of kin” ɗan'uwa mafi kusa da za a nema in wani abu ya faru.

A takardun kuɗi da na gona, a bambanta waɗannan:

Grant: tallafi, ba a biya. Loan: bashi, dole a biya.
Witness: shaida, ya ga an yi. Guarantor: mai tsayawa, in mai bashi ya kasa shi zai biya.
Sale: sayarwa, an rabu ke nan. Lease ko rent: haya ta wani lokaci.
Interest: kuɗin ruwa. Collateral: abin da aka jingina.

Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar wa manoma a jihar Kebbi a 2015 ya faɗi abin da yake tun daga sunansa, domin “borrower” mai cin bashi ne. Wajen kuɗin ruwa kuma a duba “per month” ne ko “per annum”, wato a wata ko a shekara. Kashi 5 cikin ɗari na N100,000 shi ne N5,000. In a shekara ne, N5,000 ke nan. In a wata ne, N60,000 ke nan kafin shekara ta zagayo.

Rashin tsaro ya sa iyalai da yawa sun bar gonakinsu a hannun wasu. Duk mai yin haka ya tabbata takardar da zai dangwala wa yatsa ta ce lease, ba sale ba. Kayan taimako kuma, irin su gidan sauro da abincin yara masu tamowa, in an rubuta “free” ko “not for sale” a jikinsu, kyauta ne, ba wanda ke da ikon karɓar ko kwabo a kansu.

YADDA ZA MU KOYA TARE

A 1953 wani malami ɗan Ingila, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi amfani a Turanci. Gidan rediyon Muryar Amurka kuma ya fara ba da labarai a 1959 da sauƙaƙan kalmomi kimanin 1,500. In ana iya ba da labaran duniya da wannan, to abin da muke bukata don kwalin magani bai fi ƙarfinmu ba. Ga shawara ga zumuntar mata, ƙungiyar matasa da azuzuwan yaƙi da jahilci:

1. A ware minti 20 a ƙarshen taron mako, a koyi kalmomi biyar kawai. A shekara sun zama 260. Da yayyafi kogi kan cika.
2. A koya daga ainihin kayan. Kowa ya kawo kwalin magani da ya ƙare, ko buhun taki, ko tsohon rasit. Kwalbar maganin feshi kam kada a shigo da ita cikin mutane, a kwafi rubutun a takarda ko a ɗauki hotonsa a waya.
3. A koyi kowace kalma tare da kishiyarta, kamar credit da debit, before da after.
4. A rubuta kowace kalma da manyan haruffa da kuma ƙanana, domin POISON da poison ba su yi kama a ido ba.
5. Kowa ya sami littafin rubutu nasa, Turanci a hagu, Hausa a dama.
6. 'Yan sakandare su taimaka, amma a tabbatar da ma'anar kalmomin magani wurin ma'aikacin lafiya, na gona wurin malamin gona. Ƙungiyar da ta sami hali ta nemi ƙamus, kamar Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner da aka buga a Zariya.

Sanin kalma goma bai mai da mutum likita ko lauya ba. Amfaninsa shi ne mutum ya san inda zai tsaya ya yi tambaya. Takardar da ba ku gane ba, ku ce za ku tafi da ita gida a karanta muku, a bakin mutum biyu dabam-dabam in abin babba ne. Mai gaskiya ba zai hana ku ba. Wanda ya matsa sai kun sa hannu yanzu-yanzu, a yi hattara da shi. Matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Waɗanne kaya ne a gidajenmu ke da rubutun da ba mu taɓa karantawa ba?
2. Su wane ne a ƙauyenmu za mu amince su karanta mana takarda ba tare da sun tona asirinmu ba?
3. Waɗanne kalmomi biyar za mu fara da su a wannan mako?

Allah ya ba mu fahimta, ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.